An Tashi Aikin Diga

Jirgin ƙasa mai lamba shida ya yi latti, rana ta take tsaka a kan tashar Parkchester, can ƙasar waje. Halimatu, ma'aikaciyar jinya, ta fito daga aiki ta ɗauko 'yarta Bintu, burinta kawai su isa kasuwa. Sai ta ji hannun yarinyar ya zame daga nata.

Bintu ta tsaya a bakin dandamali, ta karkatar da kai tana sauraren ƙarfen dogo.

"Ke, matso nan!"

"Tsohon nan ne ke kira," in ji Bintu. "Wai in sauko in kama masa diga, hannu ya yi kaɗan."

A shekara bakwai na rayuwarta Bintu ba ta taɓa mayar da magana da Hausa ba, sai Turanci. Yau ga Hausa a bakinta, tsohuwa, irin ta mutanen da.

Sai Halimatu ma ta ji. Ƙwal, ƙwal, guduma a kan ƙusa, tana tasowa daga cikin ƙarfen. Turawan da ke jira ko a jikinsu, suna ta karatun jarida.

Mijinta Zailani ya taɓa ba ta labarin yana dariya. Zuriyarsu mahaƙa tama ne, su suka fara fasa dutsen garinsu. Da Turawa suka zo shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, aka kwashi mazan gidan, tunda sun san ƙarfe. Kakansa Dikko ne helma, shugaban leburori. Ƙasa ta rufta da shi da mutanensa kafin a buga ƙararrawar tashi.

Bintu ta zura ƙafa ɗaya a iska. Halimatu ta cafke rigarta, amma kamar ta kama turmi. Can nesa, hancin jirgi ya ɓullo.

Ta durƙusa da farin kayan aikinta, ta fuskanci layin.

"Sannu da aiki, Tsoho. Matar jikanka ce."

Gudumar ta tsaya.

"Kai da ko goron aurena ba ka ci ba, sai ka ɗauke mini 'ya? An tashi, Tsoho. Dogo ya isa Kano shekara sittin da uku ke nan. Ajiye digar ka huta."

Jikin Bintu ya saki, suka zube baya tare. Jirgi ya shigo da ƙugi, ya buɗe ƙofofi.

"Ya ce madalla," in ji Bintu, idonta a rufe. "Amma yaran aikinsa arba'in suna can gaba, ba su ji ba."

Halimatu ta saɓe ta a kafaɗa, ta sauka matakala bibbiyu. Har suka isa gida a ƙafa, tafin hannunta na kan kunnen yarinyar.