Almakashin Bana Lombe

"A kashe rediyon nan!"

Bana Lombe, wato Maman Lombe, ta buga rufin bas da tafin hannu har sau uku. Direba ko waiwaye bai yi ba. Jitar ta riga ta fara gurnaninta mai kaushi, kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Duk wanda ya girma a Kitwe ya san gurnanin nan tun kafin mawaƙi ya buɗe baki.

"Haba Mama, wannan ai ta zamaninku ce," in ji kwandasta yana wangale baki. "Ko wani tsohon saurayi ta tuno miki?"

"Ta tuno mini ranar da uwarka ta haifi marar kunya. Ka ce masa ya kashe."

Motar ta ɗauki dariya. Wani mai farar riga da ke gefenta, wanda furfura ta fara cin gemunsa, ya lumshe ido ya ɗaga mata hannu. "Yi haƙuri, Mama. Wurin ya kusa."

Haka kowa yake kiransa, wurin. A tsakiyar waƙar *Hayaƙin Yamma* ganguna sukan ɗauke, jita ta rage ita kaɗai, sai kukan wata mace ya taso daga ƙasa. Bana Lombe ba ta jira shi ba. Ta sa aka tsaya, ta sauka da sauran tafiya mai nisa, ta kama hanya a ƙafa cikin ranar sha biyu, hannunta a kan ƙullin zaninta inda ta ɗaure almakashi.

Kukan nan nata ne. Kuma ba na wasa ba ne, ba wanda ya ce mata ga makirufo, yi. A shekarar saba'in da shida ƙyanda ta kashe 'yarta ta fari, Kasuba, tana da shekara biyu da rabi. A gidan makoki kowa ya san wurinsa. Mu mata muna cikin ɗaki a ƙasa, mu ne da kuka. Maza suna waje a kan kujeru gefen wuta, su ne da shiru da hirar ƙwallo. Mijinta Lameck, mai kaɗa jita a ƙungiyar Amalasha, bai zauna gefen wuta ba. An gan shi a bayan ɗaki, ƙarƙashin taga, rungume da rakoda. Wata huɗu bayan haka tana wucewa ta gaban wata mashaya da tiren tumatir a kai, sai ta ji muryarta tana fitowa daga lasifika, ga 'yan giya suna rangaji.

Ta tambaye shi a ranar. Ya sunkuyar da kai kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, bai ce uffan ba. Namiji ke nan. 'Yarsa tana kwance a nannaɗe, hawaye ko ɗigo bai yi ba, sai farautar abin sa wa a waƙa. Ta zauna da shi shekara goma sha uku bayan haka, ta haifa masa Lombe da ƙannensa, ta tuƙa masa tuwo, ta yi jinyarsa lokacin da ciwon ƙanjamau da ya share makaɗan garin ya zo kansa. Amma ba ta sake dariya da shi ba har aka rufe shi.

Waƙar ta kwanta shekaru, ta samu sauƙi. Sai wasu Turawa suka tono tsofaffin faya-fayan kiɗan rok na ƙasar, abin ya dawo sabo. A rediyo ita, a wayar yara ita, a kasuwar Chisokone inda take sayar da busasshen kifi ita. Jiya ta ji an yi shela cewa yau Asabar za a taru a tsohon zauren mahaƙa ma'adinai don tunawa da Amalasha, kuma Yotamu Jere, makaɗin gangunansu, wanda shi kaɗai ya rage a raye, zai saka ainihin kaset ɗin da aka ciro kukan daga ciki. Shi ya sa ta rufe teburinta. In aka sare uwar, 'ya'yan sai su bushe.

A ƙofar zauren tsofaffi ne suka yi layi. Wasu sun tono wandunan nan masu faɗin ƙafa da ba sa rufuwa a ciki. Wanda ke gabanta yana rungume da kwalin faifai da ya ci salatif ta ko'ina, hannunsa na dama yatsu uku ne.

"Ke ma 'yar Amalasha ce, 'yar'uwa?" ya tambaya.

"Ni 'yar uwata ce."

Bai ji haushi ba. Ya shafa kwalin. "Ranar albashi na saye shi. Matata ta yi mini faɗa kwana biyu, wai na sayi hayaniya. Daga baya ita ce take sa shi in tana guga." Ya gyara riƙon kwalin. "Ita na fara binnewa. Sai yarana uku, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara biyar. Duk ina zaune gefen wuta ina cewa na gode, na gode. In kowa ya watse sai in rufe ƙofa in sa wannan. In matar nan ta fara, sai in bi bayanta. Ba don ita ba da ƙirjina ya fashe."

"Ka taɓa tambayar wa take yi wa kukan?"

"An ce wata mawaƙiya ce suka ɗauko daga Ndola."

"An ce," ta maimaita. "Ku maza da an ce. Matsa in wuce."

Ta tarar da Yotamu a wani ɗan ɗaki bayan dandamali, yana zaune gaban tsohuwar rakoda, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Shi mutumin gabas ne, ita 'yar ƙabilar Bemba, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni. Ya ɗago ido, farar yana ta rufe masa ɗaya.

"Wa nake gani? Matarmu! Masu cin biri sun shigo gari, a ɓoye ayaba."

"Rufe mini baki, mai cin ɓera. Ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani. Rabon da ki yi mini wasa tun ina da haƙora. Sau biyu na aika miki a watan nan."

"Na kori 'yan aiken. Ka yi sa'a ba ka zo da kanka ba, da ruwan zafin da ka tsallake ranar jana'izar abokinka ya same ka." Ta kwance ƙullin zani ta ajiye almakashin a kan tebur. "Ina kaset ɗin?"

Yotamu ya dubi almakashin. "Me za ki yi?"

"Abin da kuka saba yi. Na sha ganin Lameck yana yanke zaren nan yana liƙewa. Ka nuna mini inda kukana yake in cire abina. Shekara arba'in da takwas ina kuka a mashaya, ina kuka a tasha, ina kuka a gidan biki. Wa ya tambaye ni? Mutum ya sha giyarsa ya ƙoshi, ni ce zan yi masa kuka? Na gaji. Yau zan yi shiru."

"Bana Lombe, ko kin yanke wannan, waƙar tana cikin wayar kowa. Har a ƙasashen da ba ki taɓa jin sunansu ba."

"Ƙarya kake."

"Ina ma ƙarya ce."

Ta tsaya tana huci. Daga cikin zaure ana jin ana gwada lasifika, ana jan kujeru.

"To ko ba ta mutu ba, zan yanke. In ji a hannuna cewa na yanke."

"Naki ne," in ji Yotamu. "Amma ki zauna ki ji shi tukuna, yadda yake kafin mu ɗora masa jita. Ba wanda ya taɓa jin sa sai mu 'yan Amalasha. Turawan nan sun yi roƙo har sun gaji. Lameck ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. To ban gaya miki ba, rakoda ce za ta gaya miki."

Ba ta zauna ba. Ya danna.

Da farko shuuu kawai. Sai zakara. Sai muryoyin mata can nesa, ta bayan bango, a cikinsu wata yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya tana kiran sunan 'yarta. Bana Lombe ta dafe tebur. A waƙa jita takan rufe sunan. A nan ba abin da ya rufe shi.

Sai wani sauti kusa, dab da rakodar, har yana sa ta karkarwa. Numfashi ne na namiji, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Sai ya karye. Wani irin kuka ne mara fasali, na wanda bai iya ba, kamar an toshe bakin maraƙi da tsumma.

"Wane ne wannan?"

Yotamu ya jingina goshi a kan sandarsa.

"Na ce wane ne wannan?"

"Kin san shi."

"Lameck bai yi kuka ba. Ina wurin."

"Kina cikin ɗaki. Shi yana bayan taga." Yotamu ya goge idonsa mai gani da bayan hannu. "Ba kukanki ya je ɗauka ba. Sati biyu kafin Kasuba ta kwanta ciwo ya ari rakodar nan don mu gwada sabuwar waƙa, sai ya ɓata rabin kaset yana ɗaukar surutun yarinyar. Har faɗa muka yi masa. Ranar makoki ya kasa zama cikinmu, ya zaga baya don ya ji muryarta inda ba mai ganin fuskarsa. Hannunsa yana rawa. Maɓallan biyu suna manne da juna, na saurare da na ɗauka. Ya danne su tare. Yana zaune yana jira ta yi magana, ashe shafe ta yake yi."

A cikin rakodar namijin ya ja wani dogon numfashi, sai aka ji ya ce, "Wayyo. Wayyo, me na yi?" Sai ƙarar maɓalli.

"Da wane baki zai gaya miki?" in ji Yotamu. "Ko hotonta ba ku da shi. Abu ɗaya da ya rage, shi ya goge da yatsansa. Ya ce mini tunda ya kashe muryar 'yar, ba zai bar ta uwar ta ɓace ba. Nasa kukan kuwa mu muka cire. Muka ce wa zai sayi faifan da namiji yake kuka a ciki?"

"Shashashai," ta ce, amma muryar ba ƙarfi. "Dukanku shashashai. Shekara goma sha uku ina ajiye masa tuwo kamar ina ajiye wa kare. Da ya buɗe baki..."

"Tsaya. Bai gama ba."

Shuuu ɗin ya canja. Aka ji cokali yana bugun kwano. Sai wata ƙaramar murya, tana cin rabin kalmomin: "Baba, ba ni. Ba ni in taɓa." Muryar Lameck, saurayi, yana cewa, "Ce mama." Yarinyar ta ce, "Mama ƙi!" Sai ta tuntsire da dariya, dariya mai shaƙuwa a ƙarshe. Can daga nesa wata mace ta ce, "Ku biyun nan za ku sha duka," ita ma tana dariya.

Sai shiru.

Bana Lombe ta zauna a ƙasa. Ba a kujera ba, a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar yadda muke zama a ɗakin makoki. Ba ta yi kuka ba. Ta manta da shaƙuwar nan. Duk shekarun nan tana tuna zafin jikin yarinyar da ƙurajen, amma ta manta cewa in ta yi dariya sai ta shaƙe.

"Mayar," ta ce.

Ya mayar. Sau huɗu tana cewa mayar. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce jama'a sun cika, Yotamu ya ce su jira, ai sun jira shekara arba'in.

"Har wannan za ka sa musu?"

"Haka na yi niyya. Ni kaɗai na rage, matarmu. In na mutu jikokina a bola za su zuba shi."

Ta dafa tebur ta miƙe. "Kai shi daidai inda cokalin ya fara."

Ya kai, ya ciro kaset ɗin ya miƙa mata. Ta sa farce ta zaro zaren, siriri, launin ƙasa. Ta datse. Ta ja kamu ɗaya, biyu, uku, ta ƙara na huɗu don kada ta bar musu ko numfashi, ta sake datsewa. Ta naɗe shi a yatsa a hankali, ta zare, ta ɗaure a bakin zani inda almakashin yake ɗazu.

"Kukan fa?" in ji Yotamu.

"Kun riga kun cinye shi, ku riƙe. Ka liƙe abinka ka sa musu. Amma da nasa. In ka cire nasa ko daidai da ƙwayar gero, sai na zo har gida na fasa maka idon da ya rage. Kuma ka faɗi sunanta. Kasuba. Ka ce ƙyanda ce, ka ce shekararta biyu da rabi."

"Ke kuma in ce wace ce?"

"Ka ce mawaƙiyar Ndola."

Ya yi 'yar dariya, hancinsa yana zuba. "To wannan da kika ƙulle, da me za ki ji shi? Ko rediyo mai kaset ba ki da shi."

"Ina ruwan ɓera da abin da ke cikin zanina?"

Ta bar masa almakashin. Ba wata ƙofa sai ta cikin zaure, don haka ta tsaya a baya jikin bango har ya gama liƙi ya hau dandamali. Ya faɗi sunan, ya faɗe shi daidai. Da kukan yarinyar nan 'yar ashirin da ɗaya ya tashi, tsofaffin suka sunkuyar da kai kamar yadda suka saba. Da na Lameck ya shigo, sai kawunan suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya dubi na kusa da shi. Mai yatsu uku ya rufe fuska da kwalin faifansa, kafaɗunsa suna rawa, a gaban kowa, ƙofa a buɗe.

Bana Lombe ta fita. A bas ɗin komawa kwandastan ɗazu ne. Yana ganinta ya miƙa hannu wajen rediyo.

"Mama ce. Direba, kashe kafin a zagi uwata."

"Bar shi," ta ce. Ta zauna gefen taga, hannunta a kan ƙullin.