Gurbi a Tsakiyar Kanta

A tsakiyar kantar akwai gurbi, daidai faɗin rediyo ɗaya. Hagu da dama tsofaffin rediyoyin oba-oba ne a jere, irin waɗanda ake ji kuma a yi magana da su, kowanne yana ƙyalli. Yaya ya tara su ne daga gwanjo da hannun magada. Gurbin kuwa rediyon Baba ya bar wa. Da Baba ya zo rasuwa, sai ya ce a ba Auta.

Auta, wanda ko fis bai iya canzawa ba. Auta mai ɗora kofin shayi a kan murfin rediyo wai don kada ya huce. Yaya ne ya hau rufi ya ɗaura eriya, shi ya ƙona yatsu wajen koyon liƙi da dalma, shi ya fara samun lasisi. Abin da Auta ya iya kawai shi ne sa tsofaffi dariya.

Duk ƙarshen mako da hantsi abokan Baba kan haɗu a mita ɗaya, kowa daga ɗakinsa, su gaisa, su yi ƙorafin gwiwa da tsatsar eriya. Auta ya gaji kujerar Baba a cikinsu. Yaya yakan kunna nasa ya saurara, haƙora a cije. Bai taɓa danna makirfo ba.

Ran nan Auta ya shigo rungume da rediyon, yana nishi.

"Yaya, ya yi shiru. Ina cikin magana da Kyaftin sai na ji ƙauri."

Yaya ya kwance murfin. Tabon gindin kofi ya yi masa zobe a kan zobe. A ciki, ɗaya daga cikin kwalaben gilashi ta yi baƙi ƙirin.

"Kwalbar aikawa ce ta ƙone. An daina yin irinta tun kafin a haife ka."

"Kai da ba ka rasa komai? Duba dai."

Irinta kuwa tana nan a aljihun tebur, naɗe cikin safa, dab da gwiwarsa. Tun Baba na da rai Yaya ya saye ta, saboda irin wannan rana.

"Babu. Bar shi, zan cigita."

"Tsofaffin nan za su ɗauka ni ma na bi Baba."

"Kai dai ba ka iya magana ba. Ja mini ƙofa."

Da Auta ya tafi, Yaya ya ɗaga rediyon ya tura cikin gurbin. Ya shige cif, kamar an auna. An kuwa auna.

Washegari ya sauke shi ya sa kwalbar. Ta kama, ta yi ja a hankali. Nan ya ji aibun da ya daɗe yana ji daga nesa: wani gurnani a ƙarƙashin murya, kamar zuma a gwangwani, ga kuma allura da ke zamewa gefe in rediyon ya ɗauki zafi, sai mutum ya riƙa binta da hannu. Baba ya zauna da su haka. Auta ko a jikinsa. Yaya kuwa ba ya barin aibu a kantarsa. Ya ciccire duk abin da ya kumbura ko ya tsufa, ya sa sababbi, ya wanke makirfo, ya goge tabon kofi har murfin ya nuna masa fuskarsa.

Da ƙarshen mako ya zo, ya kunna, ya bari ya yi ɗumi, ya danna makirfo ya faɗi lambar kiransa.

Muryar Kyaftin ta taso, tsohon matuƙin jirgin ruwa, aminin Baba. "Wa nake ji? A'a, babban ɗan marigayi! Yau ka tuna da mu? Murya tas, kamar kana zaune a falona. Sabon rediyo ka saya?"

Yaya ya dubi murfin. In ya faɗi gaskiya, kafin yamma ta isa kunnen Auta.

"Ɗaya daga cikin nawa ne, Baba Kyaftin."

"Madalla. To, ka taimaka ka gyara wa Auta na babanku. Amma kada ka taɓa mini gurnanin nan. Ni idona ya tafi, ɗana. In na ji shi ya taso yana zamewa gefe, kafin kowa ya yi magana, sai in ce abokina ya shigo. Nakan ƙi amsawa da wuri don ya daɗe."

Wani tsoho ya shigo yana tari. "Mu ma shi muke jira, ba surutun Auta ba!"

Aka yi dariya daga ɗakuna masu nisa. Yaya ya yi musu sallama, ya kashe, ya mayar da rediyon gurbinsa. Ya leƙa kwandon shara inda ya zuba tsofaffin kayan da ya cire. Wayam. Shi da kansa ya fitar da ita ranar, don ba ya barin shara ta kwana a ɗakin.

Aka ƙwanƙwasa. Auta ne.

"An samu, Yaya?"

"Tukuna."

Auta ya dubi kantar, ya dubi gurbin da ya cike. Ya matsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, daidai inda tabon yake a da. Murfin da sauran ɗuminsa. Bai ɗauke hannun ba.

"Ka goge shi," ya ce.

"Ƙura ce."

Auta ya gyaɗa kai, hannunsa yana nan.

"Ko Anti, matarka, za ta ba ni shayi? Na ga akwai inda zan ɗora kada ya huce."