Layi Biyun da Malama Hasmah Ta Tsallake

Shekara talatin da ɗaya Malama Hasmah ta yi tana koyar da adabi a birnin Kuala Terengganu, kuma duk wanda ya bi ta ajinta zai iya karanto maka dokarta ko daga barci ka tashe shi. Pantun, waƙar nan mai layi huɗu da kowace tsohuwa a ƙauye ke iya jefa maka, rabi biyu ce. Layi biyun farko ado ne, an kawo su don amsa-amo kawai. Magana tana cikin biyun ƙarshe. Haka littafin gwamnati ya ce, haka ake ba da maki. Ba wanda ya taɓa tambayar mai littafin ko ya zauna kusa da kakarsa.

Yayarta Sepiah ba ta san ko alif na boko ba, amma ita ake tsayarwa a ƙofa ranar biki ta tare dangin ango da pantun har sai sun yi gumi. Ranar auren 'yarta Zaharah ma ita ta tsaya. Tana cikin cin su da baki, Hasmah, da ke zaune tare da abokan aikinta na birni, ta ɗaga murya ta ce layi na uku ya zarce da gaɓa biyu. Dangin ango suka kwashe da dariya. Bayan an watse Sepiah ta ce mata, "Kada ki sake taka gidan nan sai na kira ki." Hasmah ta ce to. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana jiran kira.

Wata Talata da hantsi Zaharah ta iso daga ƙauye, ƙafafunta duk lakar kogi. Ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a tabarma.

"Inna, Mama ce ta aiko ni."

"Kirana ta yi?"

"Saƙo ta ba ni. Ta sa na rantse ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kai ba."

"Halinta na nan ke nan. To, faɗi."

Zaharah ta sunkuyar da kai ta karanto:

"Tsohon jirgi na cika da ruwa,
Igiyarsa saura zare ɗaya.
Kada ki wahala da tahowa,
Mu nan gida muna lafiya."

Wani abu ya soki Hasmah a ƙasan haƙarƙari. Ta gyara tabarau, ta ce a maimaita. Ta ƙirga gaɓoɓin da yatsu. Wannan karon ba abin da ya zarce.

Mijinta Wahab, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana baranda yana ɓare busasshen kifi. Ya leƙo.

"Malama, ɗauko mayafinki. Motar ƙarfe ɗaya ba ta tashi ba."

"In je ina? Ba ka ji ta ce kada in wahala ba?"

"Na ji. Na kuma ji jirgi na nitsewa."

"Wannan ado ne, Malam. Ruwa, tahowa. Ɗaya, lafiya. Don amo aka kawo shi."

"Ikon Allah! Mace ta turo 'yarta ta ƙetare kogi, ta hau mota awa uku, don ta gaya miki kada ki zo? Da ta yi shiru ai da kin zo ne?"

"Kai da ka ƙare rayuwarka kana buga hatimi a bayan ambulan, yau kai za ka karanta min abin da ke ciki?"

"Ni dai na san ba a manna kan sarki a kan takardar banza."

Hasmah ta juya ga Zaharah. "Uwarki lafiyarta lau?"

Zaharah ta kalli ƙofa. Idanunta sun yi ja. "Na rantse, Inna."

"To ki ce mata saƙo ya iso, an kuma fahimta."

Ta cika wa Zaharah kwando da shinkafar kwakwa da gwangwanin madara, ta raka ta bakin titi. Zaharah ta tsaya da ƙafa ɗaya a matakalar mota, tana kallonta, har direba ya danna oda.

Kalma guda Hasmah take so: zo. Wadda ta kore ta a fili, ta kira ta a fili. Ba za ta kwashi jiki ta je saboda tsohon jirgi ba, Sepiah ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya kira ki?" Sai ta yanke shawarar mayar da amsa. Ta zauna a tebur da fensir. Laraba ta samu layin ƙarshe. Alhamis ta soke shi, don bai kai na Sepiah kaifi ba. Wahab kuwa kullum sai ya goge mata takalman fita ya ajiye a bakin ƙofa.

Ranar Asabar da safe mai kantin kusurwa ya ƙwanƙwasa, ya ce an bugo waya daga ƙauye. Sepiah ta cika bayan asuba. Za a kai ta kafin azahar.

Motar da Hasmah ta hau ta tsaya ɗaukar buhunan kwakwa sau biyu. Kwalekwalen fito yana ɗaya gaɓar. Kafin Hasmah ta hau matakalar gidan Sepiah, maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa a randar ƙofa.

Tok Limah, tsohuwar da ke wankan gawa a ƙauyen, tana zaune a baranda tana tauna ganyen nan mai rina baki ja kamar goro. Ita ta yi wa Hasmah wankan farko ranar da aka haife ta, don haka ba ta ga dalilin sassauta mata ba.

"A'a, Malama ce da kanta. Sannu da zuwa. Kin dai wahala."

"Iya, ita ta ce kada in zo."

"Haka ta ce?" Tsohuwar ta tofar da jan yawu ta tsakanin katako. "Tun Talata ta sa muka juya gadonta yana kallon kogi. Duk injin kwalekwalen da ya yi ƙara sai ta ce a duba waye. Jiya da la'asar ta ce a rufe tagar."

"Da ta faɗa a fili..."

"A fili? Ke 'yar wace ƙasa ce? Mace mai shekara saba'in ta buɗe baki ta roƙi ƙanwarta? Ta ba ki layi huɗu. Mu da ba mu yi makaranta ba duka huɗun muke ji."

Ba littafi ne ya hana Hasmah ji ba. Ta ji jirgin nan tun karon farko, tun kafin ta gyara tabarau. Ta san ta ji, kuma da alama Tok Limah ma ta sani.

Daga bayan gida ana jin ƙarar tukwane da muryoyin matan dangi suna girkin sadaka. Hasmah ta naɗe hannun riga ta nufi can. Zaharah ta tare ta a ƙofar kicin, riƙe da tire.

"Hannu ya ishe mu a ciki," ta ce. "Ga tabarma can wajen baƙi. Yanzu za a kawo shayi."