Tauraron Kajin Baba Likita

Baba Likita, likitan dabbobi, ya daɗe yana gwada wani sabon abincin kaji. Ya auna nauyinsu, yawan ƙwai, kaurin ɓawo, kai, har tsawon ƙafa bai bari ba. Da ya gama, sai ya miƙa alƙaluman ga mijin 'yarsa, wanda aikinsa ke nan a ofishin bincike, ana ce masa Mai Lissafi.

Mai Lissafi ya san aikinsa, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya yi wa tsohon bayani yana kaɗa ƙafa: in ka yi ta jera wa alƙaluma tambayoyi, dole wata ta dace bisa sa'a kawai. Don haka ake ajiye sakamakon kowane gwaji cikin fayil guda, kwamfuta ta ƙirga su, ta tsaurara ma'auni gwargwadon yawansu. Gwajin da ya tsira, a sa masa tauraro a jadawali.

Yawan ƙwai ya tsira. Mai Lissafi ya kai albishir da kansa. "Baba, wannan ko a gaban wa, babu mai ja."

Tsohon ya yi rajistar gabatar da aikin a taron likitocin dabbobi, ya gayyaci abokansa, har sabon gilashi ya yanka.

Ranar taro, a kujerar baya ta ɗakin taron, Mai Lissafi ya buɗe fayil ɗin don ya ƙara girman rubutu. Layi ɗaya tal ya gani. Ashe bai umarci kwamfuta ta riƙa ƙara sabon sakamako a ƙarƙashin na baya ba. Kowane gwaji ya zo sai ya shafe ɗan'uwansa ya zauna, na ƙwai kuma shi ne na ƙarshe. Kwamfuta ta ga gwaji ɗaya, me za ta tsaurara?

Ya gyara, ya sake lissafin. Layuka suka cika allo. Tauraro ya ɓace.

Shaiɗan ya raɗa masa ya rufe kwamfutar, wa zai sani? Ya ma rufe ta. Sai ya hango tsohon a bakin ƙofa yana goge gilashi da gefen riga, ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Ya ɗauki kwamfutar, ya je ya durƙusa, ya buɗe masa.

"Baba, tauraron nan... babu shi. Kuskurena ne wajen ajiya."

Tsohon ya sa gilashi, ya duba allon. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Wannan shi ne gaskiyar?"

"Shi ne, Baba."

"To, shi za mu nuna."

Baba Likita ya hau mumbari ya nuna jadawali fayau, ya ce bai sami hujjar cewa abincin na ƙara ƙwai ba. Wani abokinsa mai tsokana ya ɗaga hannu. "Likita, ina tauraron da ka cika mana kunne da shi? Wa ya yi maka lissafin farko?"

Mai Lissafi ya sunkuyar da kai, yana jiran ya ji an nuna shi.

"Ni na yi gaggawa," in ji tsohon. "Ɗana ne ya gano kuskuren yanzun nan. Ga shi can baya, ku tafa masa."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Aka ce ya miƙe a gan shi, ya miƙe, amma ya kasa ɗaga ido daga takalminsa.