Cokalin Baba Kuku

Naman ya ƙi zama a kan tsinke. Tela ta soka yanka na farko ya dagargaje a hannunta, ta soka na biyu ya sulale ya koma cikin kwano kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta dubi agogon bango, biyu da rabi.

Ita dai ɗinki ta iya. A ba ta yadi da almakashi a sha kallo, amma girki sai dai a ci don yunwa. Duk da haka ita maƙwabcinta Baba Kuku ya zaɓa, saboda tagar ɗakinsa tana kallon barandar da suke haɗawa a hawa na uku, kuma ita ce ke shiga ta juya shi a gado tun da likita ya ce a maido shi gida.

Shekara talatin tsohon ya yi yana girki a jirgin ruwa. Yana can tsakiyar teku matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuwa ba ta yafe masa wannan rashin zuwan ba. Rabonta da taka gidan shekara tara. Jiya Tela ta kira ta a waya, ba ta ɓoye mata komai ba. Daga ƙarshe 'yar ta ce motarta za ta iso ƙarfe biyar. Da tsohon ya ji, abu ɗaya ya roƙa: kazar tsinke mai garin kori da zuma da abarba, wadda yake gasa mata duk dawowarsa tana ƙarama. Shi ruwa ma da ƙyar yake wuce masa. So yake ƙamshin ya tare ta tun daga matakala.

"Tela," muryarsa ta fito ta taga, siririya. "Ban ji ƙamshin gawayi ba."

"Yanzu zan hura, Baba."

"Kawo kwanon in gani."

Ta so ta yi ƙarya, ta kasa. Ta shiga ta kara masa kwanon a fuska. Bai ko taɓa ba.

"Ɗanyar abarba kika markaɗa, kika bar shi ya kwana a ciki."

"Na ga kamar in ya daɗe zai fi tsumuwa."

"Tsumuwa! Ta cinye shi dai. Ɗanyar abarba cin nama take yi, 'yar nan. Sai an tafasa ta." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Da a jirgi ne, da yau kin kwana kina wanke tukwane."

Haushi ya kama ta, na kanta da nasa, don shi bai faɗa mata jiya ba. Ta haɗiye. Wa ke musu da mutumin da ƙashin wuyansa ya fito haka?

Ta sauka da gudu da silifas daban-daban a ƙafa. Mai kaji na bakin titi ya ga fuskarta bai tsaya ciniki ba, ya cire mata tsokar cinya ya yayyanka. Uku da kwata ta dawo tana haki. Ta tafasa ragowar abarbar, ta tsoma ƙaramar tukunyar cikin ruwan sanyi tana fifita da murfi, sannan ta zuba kori cokali biyu, zuma, tafarnuwa, citta, gishiri, ɗan mai da ruwan lemon tsami. Ta cuɗa naman har yatsunta suka yi rawaya.

"Awa ɗaya," in ji shi. "Kada ki rage masa minti. Tsinkayen fa?"

"Ga su nan."

"A ruwa?"

Ba a ruwa suke ba. Ta watsa su cikin roba ta tsiyaya ruwa a kai, tana jin shi yana tsaki mara ƙarfi.

Wannan awar ta fi kowace tsawo a rayuwar Tela. Ta hura gawayi, ta yanka mangwaro ƙanana kamar yadda ya ce, guda ɗaya a bakin kowane tsinke, domin shi yarinyar ke fara cirewa. Ta kira wayar 'yar sau uku, a kashe. Tsoro ya cika ta: ko ta fasa ne? Ta koma ta zauna gefen gadon. Numfashinsa ya sauya, yana ja ya tsaya, sai ta fara ƙirga a zuci kafin ya dawo.

Huɗu da rabi ta wuce, ya buɗe ido ya motsa leɓe. Ta sunkuya.

"Je ki ɗora."

"Baba, ba zan bar ka kai kaɗai ba. A bar naman nan."

Ya lalubi cokalin maganinsa a kan durowa ya riƙe. "Zuma ba ta jira. In na buga, ki juya." Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon sau ɗaya don ta ji yadda zai yi. Muryar ta ƙare masa daga nan.

Ta fita tana share ido da bayan hannu. Ta jera tsinke shida a kan ragar murhun, wannan karon naman ya zauna daram. Mai ya ɗiga a garwashi ya yi cuu, hayaƙi mai zaƙi ya tashi ya shiga ta taga. Ta kai hannu za ta juya, ta fasa. Sai can ta ji ƙwas a jikin ƙarfe. Ta juya. Gefen ya yi ja mai sheƙi, ko ɗigon baƙi babu. Da hanci kawai tsohon ke gani.

Ta kwashe na farko, ta ɗora na biyu. Ƙwas, ta juya. Biyar ta gota da minti goma. Ta leƙa titi, babu kowa sai mai kaji yana wanke teburinsa. Ta ɗora na uku. Bugun ya zo a makare, a raunane, amma ya zo, ta juya.

Sai ta ji takalmi a matakala, taku ɗai-ɗai irin na wanda bai so zuwa ba. A hawa na biyu takun ya tsaya cak. Sai takun ya koma gudu, jaka na bugun bango, wata babbar mace tana kira da muryar yarinya.

"Baba! Baba!"

Ƙwas, ƙwas. Sau biyu, a jere. Tela ta dubi naman. Yanzun nan ta juya shi, lokaci bai yi ba.

Ta tsaya da mafici a hannu tana jiran bugu na gaba. Ta ji an banko ƙofa, ta ji gadon ya yi ƙara. Zuma ta fara ƙauri, gefen mangwaron ya soma baƙi, hayaƙin ya sauya launi. Ta ci gaba da jira, ko da yake ta riga ta sani. Daga ciki aka yi salati a hankali.

An jima kafin matar ta fito baranda, takalmi ɗaya a ƙafa, cokalin a damƙe a hannunta. Goshinta irin nasa ne sak.

"Ke ce kika kira ni?"

"Ni ce."

"Yaya, ki faɗa min gaskiya. Ya ji ni?"

"Ya ji. Sau ɗaya yake bugawa in lokacin juyi ya yi. Da kika kira, sau biyu ya buga."

Matar ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bangon ƙarƙashin tagar. Tela ta tura farantin naman kusa da ita. Matar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki tsinke ɗaya, ta zare mangwaron bakinsa da yatsu biyu, ta sa a baki, ba ta tauna ba.

A gefen murhun, tsinkaye huɗu da ba a kai gare su ba suna yawo a saman ruwan roba.