Na Ƙarshe Shi Ke Girki

A ƙauyen Viganj na bakin teku, a ƙungiyar masu hawan allon iska, wato allo mai filafili da iska ke turawa a kan ruwa, akwai dokar da ba a taɓa takawa ba: ranar babban tseren ƙarshen bazara, duk wanda ya zo na ƙarshe shi zai dafa wa kowa abincin yamma. Abincin kuma ba wani ba ne illa hobotnica, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a haɗa ta da dankali da man zaitun, a kife mata murfin ƙarfe, a tula garwashi a kai. Babu ɗan wasan gaske ko ɗaya a cikinsu. Akwai mai gyaran haƙori, akwai direban bas, akwai malamar makaranta, mutanen da iska ta sace wa hankali kawai.

Shekara da shekaru barba Vicko, wato kawu Vicko a yarensu, shi ne ke zuwa na ƙarshe. Tsohon makanikin jirgin fito ne, ya iya riƙe filafili fiye da rabinsu, amma da an juyo daga gaɓar tsibirin Korčula da ke tsallaken mashigin ruwa sai hannuwansa su mutu, ya dinga faɗawa ruwa kamar buhun da aka tura daga kan mota. Kowa na yi masa jaje a baki, a zuci kuwa murna ake, domin babu mai hannun girki irin nasa a duk yankin.

Shi dai abin yana ci masa rai. Ba kofin nasara yake so ba, ba tafi ba. So yake sau ɗaya a rayuwarsa ya zauna a dogon teburin nan na ƙarƙashin itatuwa, a kawo masa faranti, ya ji labaran da ake yi wa dariya. Kullum daga bayan hayaƙi yake jiyo dariyar, kafin ya iso an gama labarin.

Ana gobe tsere, matarsa Dinka ta same shi yana wasa wuƙa.

"Ina za ka da wannan?"

"Gobe da asuba zan je wajen masunta in karɓo hobotnica. In ba a wanke ta an daka ta da wuri ba, tauri take yi."

"Wa ya ce kai za ka dafa?"

Vicko ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

"Kai fa tun kafin a busa usur kake faɗuwa," in ji Dinka. "Ka tashi da asuba, ka daki nama, ka fasa itace, ka fere dankalin mutum talatin. Me kake sa wa a cikinka?"

"Ina shan kofi."

"Kofi. Da ɗanɗana gishiri a kan harshe. Sannan ka hau ruwa da rana tsaka kana mamakin hannunka ya mutu. Ko injin jirginka ka taɓa tayar da shi babu mai?"

Ta karɓe wuƙar ta jefa a aljihun tebur. Vicko ya ji haushi, musamman da yake ya san gaskiya ta faɗa.

Washegari ya yi barci har rana ta fito, abin da ya manta yadda ake yi. Ya karya da burodi da zuma da ƙwai. Da hantsi, a bakin ruwa, ya buɗe ƙunshin da Dinka ta ba shi: taliya da ɗan cuku, ayaba, busasshen ɓaure, da babbar gorar ruwa da aka ɗan barbaɗa wa gishiri.

Sauran duk suna kwance a inuwa suna jiran maestral, iskar da ke tasowa bayan rana ta take. Ranar tsere ba wanda ke yarda ya ci abin kirki. Wani tsoro yake kada rigar roba ta matse shi, wani kada a ɗaga tuta yana bayan gida. Sai kofi, sai taba, sai cika baki. Ganin Vicko zaune yana tauna, hannunsa babu ƙarnin kifi, ya tsayar da hirar cak.

Tonči ne ya fara matsowa. Shi ne ya tsaya wa Vicko ranar aurensa, don haka, bisa al'adarsu, "kume" suke kiran juna, kuma shi ne ke zuwa na biyun ƙarshe duk shekara. Mutum ne da ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone tukunya.

"Kume, lafiya? Ina hobotnica?"

"Masunta sun kai ta firjin ƙungiya, tana jiran mai rabo."

"Ko dakan ta ba a yi ba?"

"Ba a yi ba."

Tonči ya dubi jama'a, jama'a suka dubi Tonči. Malama Jasna, wadda ke rubuta sakamako, ta ce, "Barba Vicko, kai ko tausayinmu ba ka ji? Tun sanyi nake ba 'yar'uwata labarin girkinka, ga ta can ta taso daga birnin Split."

"Ta sha iska," in ji Vicko, ya ɓare ayaba.

Ba a jima ba Tonči ya ɓace, ya dawo ɗauke da farantin gasasshen rago mai maiƙo da kofin jan giya da aka sirka da ruwa.

"Tunda ci kake yi, kume, ci na maza. Wannan taliyar ta marasa lafiya ce."

Ƙamshin ya daki hancin Vicko har yawunsa ya tsinke. Ya san abin da ragon zai yi masa: nauyin ciki, hamma, sai faɗuwa. Ya ture farantin a hankali.

"Kai ka ci mana. Tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

"Ni? Ranar tsere? Allah ya kiyaye."

Can sai ganyen itatuwa ya fara motsi, ruwan mashigin ya yi duhu daga yamma. Aka ɗaga tuta. Vicko ya kurɓi ruwa, ya cusa ragowar ɓauren a ƙirjin rigarsa, ya ja allonsa.

Zuwa ba shi da wuya, kowa da ƙarfinsa. A dawowa ne ake gane wanda ya ci da wanda ya sha kofi. Da suka zagaya jar alamar da ke kusa da Korčula, Vicko ya fara sauraron hannuwansa, yana jiran rawar da ya saba ji daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Shiru. Ya ƙara jan filafili, allon ya ɗaga hanci ya fara gudu. Dariya ta kufce masa shi kaɗai a tsakiyar teku.

Matasan sun yi nisa, wannan bai dame shi ba. Wanda yake nema yana can gaba kaɗan: Tonči tsugune a kan allo, filafilinsa kwance a ruwa, yana jan igiya hannu na karkarwa. Vicko ya san wannan karkarwar, tasa ce ta shekaru.

"Kume," Tonči ya kira shi da muryar ban tausayi, "ka yi wa mutane adalci. Kashe su zan yi da girkina."

Vicko ya sassauta. Zuciyarsa ta ɗan karye, don dai abokin ƙuruciya ne. Ya zaro ɓauren daga ƙirji ya jefa masa a kan allo.

"Tauna wannan, ka taso. Amma ba zan jira ka ba."

Ya wuce. Ashe ɓauren ya yi aiki fiye da yadda ya so, domin dab da gaɓa ya waiga ya ga Tonči na tafe a bayansa baki cike, ido a waje. Vicko ya cije, ya kwanta da dukan nauyinsa a kan iska, ya tsallake layin ƙarshe da tazarar da ba ta kai tsawon allo ba. Ba a yi masa tafi sosai ba. Dinka kaɗai ce ta daka tsalle.

Da yamma ya zauna a tsakiyar dogon tebur, aka zuba masa abin sha, ya ji labarin direban bas da ɗan sandan garin Orebić tun daga farko har ƙarshe, ya yi dariya har da hawaye. Daga can bayan itatuwa baƙin hayaƙi ke tashi, ana jin tarin Tonči da ƙarar murfi yana faɗuwa. Sau biyu ƙafafun Vicko suka so miƙewa da kansu. Sau biyu ya danne su.

Rana na shirin faɗuwa Tonči ya fito, fuska duk toka, gira ɗaya a babbake. Ya ajiye farantin farko a gaban Vicko, ya tsaya yana murza hannu. Kowa ya zuba ido. Vicko ya yanka da ƙyar, ya sa a baki, ya tauna, ya tauna, ya ci gaba da taunawa.

"Yaya, kume?"

"Waje ya ƙone, ciki ɗanye, gishiri kuma ka manta shi a gida," in ji Vicko. Ya gyara zama, ya miƙa farantin. "Ƙaro mini."