Na Bakwai a Ƙwaryar Nono

Dakta Sauda Haliru ta isa rugar da ke bayan Taloka da hantsi, ran Asabar. Ran Litinin za ta miƙa takardar bincikenta ga taron masana lissafi, kuma takardar tana da giɓi guda.

Ita malamar lissafi ce a wata jami'a a Sakkwato. Aikinta a kan zanen da ke maimaita kansa a jere ne, irin na bakin ƙwarya. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan zane, duk yawansa, gida bakwai ya kasu, gwargwadon yadda za a iya gusa shi, ko juya shi, ko kifa shi, ya sake faɗawa kan kansa. A wata takwas ta ɗauki hoton ƙorai ɗari uku da sha ɗaya a Wurno da Rabah da Goronyo. Ta sami gida shida. Na bakwai, mai kama da sawun mutum a kan rairayi, dama sannan hagu, babu mai fuskantar wani, bai fito ba.

Inna Kaltume, wadda ta fi shekara arba'in tana zanen ƙwarya, ta shimfiɗa mata tabarma, ta jera ƙorai goma sha biyu, duk an goge su da farar ƙasa. Sauda ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu sabon abu.

"Wai mi kike biɗa ne, ɗiyata?" in ji Inna. "Sau ukku ke nan kina zuwa kina juya mini ƙorai kamar mai auren su. Zana mini shi a ƙasa, in yi miki kafin la'asar."

"In na zana miki, Inna, ya zama nawa. Naku nike so."

"Boko dai wahala. Abu na hannunki, kin ce sai kin tsinta."

Sauda ta yi dariya, ta rufe littafinta. Ta riga ta yanke shawara: za ta rubuta shida, ta faɗi cewa na bakwai bai samu ba.

Ƙishirwa ta kama ta. Da Inna ta shiga ɗebo mata ruwa a sabuwar ƙwaryar da ake ba baƙi, Sauda ta bi ta har bakin bukka don ta rage mata tafiya. A gefen murhu akwai wata tsohuwar ƙwaryar nono, ta yi baƙi, ta tsage daga baki har gindi, an ɗinke ta. Sauda ta tsuguna.

Ɗinkin ya bi tsagar. Zare ɗaya a dama, ya karkata gaba. Bayan rabin taku, wani a hagu, shi ma ya karkata gaba, kamar sawun mutum. Ta ƙirga ashirin da biyu. Ta juya ƙwaryar, ta sake dubawa ta ɗaya ɓangaren.

"Ajiye wagga!" in ji Inna. "Baƙo ba ya ganin ƙwarya mai gyara. So kike a ce Kaltume ta tsiyace?"

"Wa ya ɗinke ta?"

"Ni mana. Haka uwata ta koya mini. In kinka sa su daura da juna, ƙwaryar ta sake tsagewa tsakanin hudojin."

"Akwai wasu?"

"Kowane gida. Da munka ji motarki, ɓoye su muke yi."

Sauda ta zauna a ƙasa. Wata takwas ana karrama ta da sababbin ƙorai.

Kafin azahar mata huɗu sun fito da nasu, suna tsiya da juna kan wadda tata ta fi tsufa. Tara daga cikin ƙorai sha ɗaya ɗinkinsu iri ɗaya ne da na Inna. Sauda ta ɗauki hotonsu, kowace da ma'auni a gefe.

A cikin mota, kafin ta tayar, ta gyara sakin layi na ƙarshe na takardarta. Ta rubuta cewa gida shida sun fito a ado, na bakwai a gyara kaɗai, kuma masu yin sa ba su ɗauke shi ado ba. Ta leƙo ta taga ta tambayi Inna ko ta yarda a sa sunanta.

"Sa," in ji Inna. "Amma ki rubuta ina da sababbi goma sha biyu."

Sauda ta rubuta.